Tsiren Ranar Kofi

Ku da kuke zaune kuna latsa waya kuna ce mini tsire ai soke nama ne a tsinke a kara wa wuta, ku kife wayoyin nan tukuna. Ɗan ƙanwata ne ya fara faɗa jiya, wai shi da abokansa za su buɗe wajen tsire a unguwar Aziziyya nan Makka, mutum ya yi oda yana kwance a kai masa har bakin gado. Na ce madalla. Na tambaye shi wane sashe na saniya ake yanka wa tsire, ya ce, "Nama mana, Kawu." Nama! To ai kunnen saniya ma nama ne.

Ni wajen Baffa Ɗanjuma na koya, ƙanen mahaifina. Su Kanawa ne, ta Sudan suka biyo, suka daɗe a hanya kafin su iso Makka, a nan aka haife ni. Na yi shekaru ina wanke tsinke, ina dakan ƙuli, ina fifita wuta, kafin Baffa ya bar ni na taɓa wuƙarsa. Ranar da ya bar ni kuwa, yankan farko da na yi ya ɗaga shi sama ya duba, ya ce wannan takalmi ne, in kai wa mai gyaran takalmi. Naman tsire shimfiɗa shi ake yi, ka bi jijiyarsa da bakin wuƙa har ya buɗe kamar tafin hannu, kaurinsa ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. In wani gefe ya fi kauri, kafin ya nuna ɗayan ya ƙone. Yajin ma da hannunmu muke haɗawa: mu soya gyaɗa, mu matse mai, mu toya ƙuli mu daka, sannan citta da masoro da kanumfari da ɗan kimba da barkono. Larabawan nan bakinsu bai iya cewa tsire ba, sai su ce sire, har wasunsu suka ɗauka kakanninsu ne suka ƙago shi.

Bayan sallar asuba nake tafiya kasuwar Ka'akiyya. Ba na aike. In danna cinyar da yatsa, in ga ko za ta taso, in sa a yanko mini kitsen tozo daban. Gawayi kuma sai na icen samur, ba wannan na leda da ake yayyafa wa mai ba, wanda in ka gasa nama da shi sai ka ji kamar kana lasar bayan mota. Wutar tsire ba harshe ake so ba, garwashi ake so wanda ya yi farar toka a kai. Duk wannan ana koya, ko jaki in ya daure zai iya. Abin da ya fi wuya shi ne sanin lokacin da mutane za su ci, kuma wannan a filin ƙwallo na ƙware a kansa.

Wata kwaleji ce can bakin gari, ba sai na kira sunanta ba. Kowace shekara in sanyi ya shigo sukan yi gasar ƙwallo tsakanin sassan karatu, 'yan injiniya da 'yan lissafi da 'yan shari'a da sauransu. 'Yan shari'ar nan, Allah Ya shirye su, babu wanda ya kai su taka ƙafar mutum. Ranar wasan ƙarshe, ranar kofi, ɗalibai kan haɗa kai su ɗauko ni in yi musu tsire a bakin fili. Wanda ya fara kai ni can shi ne Isufu.

Isufu Badamagare ne, wani kamfani ya kawo shi a kan iƙama, wato takardar izinin zama, aikinsa kula da ciyawar filin. Ku tsaya ku yi tunani: ciyawa a Makka, garin da dutse ma yake neman inuwa. Kafin gari ya waye ya ba ta ruwa, da yamma ya sake, ya bi ta a tsugune yana cire baƙuwar ciyawa da ƙusa, ya ja layin farar ƙasa da igiya kamar mai zanen hula. In rani ya tsananta har buhunan algarara yake jiƙawa ya rufe bakin raga, inda gola ya kwarzabe. Ni Bakano shi Badamagare, kun san abin da ke tsakaninmu. Ban taɓa kiransa da sunansa a gaban mutane ba, sai dai in ce bawana, shi kuma ya ce Bakano mai sayar da hayaƙi.

Ga yadda aikin yake. Ana idar da la'asar alƙali zai busa usur. Ni ina bayan raga ta gabas da rabin durona da tirena, na riga na soke nama tun hantsi, na shafe shi da yaji da man gyaɗa, na rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ba na ganin wasan, bayana na juya masa, ina fama da wuta. Da kunne nake kallo. In aka tafi hutun rabin lokaci sai in jera zubin farko. In na ji ihu ya karkata gefe guda, na san an yi wa wasu fintinkau, za a tashi a kan lokaci, sai in ƙara fifita. In na ji fili ya yi tsit sai ƙarar ƙwallo da numfashi, canjaras ake, ƙila a kai ga bugun fenareti, sai in ja garwashi gefe in bar naman ya huta a wajen ɗumi. Tsire ba ya jiran mutum, mutum ma in ya yi gudu ya gaji ba ya jiran tsire. Usur na ƙarshe da saukar zubin farko tare suke zuwa, in ba haka ba ban yi aiki ba.

Akwai kuma wata al'ada da Isufu ya kafa tun farkon zuwana. A da, wai in an tashi wasa sai dambe ya kaure, a tattake masa ciyawa. Sai ya ce to, daga yau waɗanda aka ci su za su fara cin nama, kuma kyaftin ɗin waɗanda suka ci kofi shi zai ɗauki tire da hannunsa ya kai musu. Ba wanda zai taɓa tsinke sai su sun ɗauka. Kun san yaro in bakinsa na cike da nama mai zafi ba ya iya zagi. Haka aka yi ta yi. A yi magariba a kan ciyawa sahu-sahu, a shimfiɗa leda, a zauna da'ira-da'ira, tire ɗaya hannu goma. Daga nan a fito da ganguna da sanduna a yi rawar mizmar, ɗan Jidda da ɗan Ta'if da ɗan Takari duk a cakuɗe, har malamansu su tuɓe igal, baƙar igiyar nan ta kan rawani, su shiga. Shi Isufu ba ya cin ko tsinke ɗaya sai kowa ya ƙoshi. Yakan ce mai gida ba ya rigan baƙi.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba. Da farko na lura benci na cike amma kawuna a sunkuye suke, a jefa ƙwallo a raga sai rabin mutane su ɗago suna tambayar wa ya ci. Kunnena ya fara yi mini ƙarya. Wata shekara na ji shiru na ɗauka canjaras ne, na ja wuta baya, ashe an zura wa 'yan lissafi har sun daina ƙirgawa, babu dai mai ihu ne. Sai kuma aka daina tsayawa rawa. Ana cin nama sai ka ga an dare an shiga motoci, wai sun kama istiraha, irin gidajen hutun nan na haya masu katanga da na'urar sanyi. Na taɓa kai musu nama can. Wallahi na tarar da samari ƙarti, waɗanda in sun taka ƙasa sai ta amsa, suna kishingiɗe a kan kilishi suna buga ƙwallo a talabijin da manyan yatsu. Suna ihu kuwa, har da rungume-rungume! Ihun da suka hana 'yan'uwansu masu zufa a fili, shi suke yi wa zane. Aka ce in zuba wa kowa nasa a roba, don kada maiƙo ya taɓa abin latsawar.

Daga baya ma istirahar ta tsufa. Aka koma gidajen shan gahawa, a sayi ɗan kofi ɗaya a yi ta ɗaukarsa hoto har ya huce. Da aka buɗe wuraren kallo da na kiɗa a Jidda kuwa, ranar Alhamis tun azahar kwalejin take zama kufai. Sassan da ke fitar da ƙungiya biyu suka koma da ƙyar su haɗa ɗaya. Ni ban ce yaro kada ya huta ba. Amma a ce mutum yana da ƙafa biyu da ciyawa kore shar a gabansa, a cikin Makka, ya zaɓi kilishi? Abin nan yana ƙona mini rai har gobe.

Shekarar da nake kira baƙar shekara, Isufu ya zo shagona da hantsi, abin da bai saba ba. Bai ce mini mai sayar da hayaƙi ba, sai ya ce Malam Sale, nan na san ba lafiya. Ya ce kamfaninsu ya sanar da shi hukumar kwalejin na shawarar fasa filin a yi wajen ajiye motoci, don yanzu kowane ɗalibi da motarsa, ga ruwan da ciyawa take sha. Sun ce za su turo wani dakta daga ofishin gine-gine ya zo ranar kofi ya gani da idonsa, in har yanzu ɗalibai na son filin a bar shi. In aka fasa, kamfani ba shi da wata ciyawar da zai ba Isufu, kuma a shekarunsa babu wani kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo, da zai karɓe shi. Sai fita ta ƙarshe, ya koma Damagaram da ya bari tun gemunsa yana baƙi. Wato zamansa a ƙasar nan ya rataya a kan yawan mutanen da za su zauna a benci yamma ɗaya.

Shugaban wasannin ɗalibai a lokacin wani yaro ne Fahad, ɗan Hausawan unguwar Shisha, Hausarsa duk a karye, sai ya haɗa da Larabci take tsayuwa. Yaron kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, shi kaɗai yake bin ɗakunan karatu yana roƙon mutane su zo su buga. Ya ce yana da dabara: zai baza a waya cewa ranar kofi akwai sire kyauta ga kowa, shi da 'yan ƙungiya za su ɗauki nauyi. Na ce na yarda, amma ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa nama sai bayan usur na ƙarshe, a kan ciyawa, ga wanda ya zauna ya kalli wasa. Ya ce to, ya Ammu, wato Kawu. Ashe da ya je abokansa suka ce masa samarin yanzu ba sa son sharaɗi, in ya sa wannan ba mai zuwa. Ya cire. Ya bar sire kyauta da hoton nama yana tururi.

Ban taɓa shirya nama kamar na ranar ba. Na je Ka'akiyya na zaɓi cinya da kaina, na kwana biyu ina daka yaji sabo. Isufu kuwa ya yi wa filin aski, ya ja layi, ya ɗinke ragar da ta yage, ya wanke bencin nan tas da tsumma. Ya sa farar riga. Na ce bawana, yau aurenka ne? Ya ce in ja bakina in kula da hayaƙina.

Aka idar da la'asar. Daktan ya zo, mutum mai fara'a, ya gaisa da mu hannu da hannu ya tsaya a inuwa. 'Yan injiniya da 'yan shari'a ne a wasan ƙarshe. 'Yan shari'a ba su cika ba, sai da aka ara musu mutum daga cikin 'yan kallo, wani mai silifa. 'Yan kallon kuwa, in ka tara su duka ba za su cika sahu biyu a ƙaramin masallaci ba. Na ce a raina bari dai, ƙila suna hanya.

Suna hanya kuwa. Tun kafin a tafi hutun rabin lokaci na ji hon. Na waiga, sai ga motoci sun yi layi daga bakin durona har ƙofar kwaleji, wasu na shigowa ta hannun da ba nasu ba. Ba wanda ya kashe inji. Gilashi kawai ake saukewa, a miƙo hannu, ana cewa, "Ya Ammu, safari, safari!" Wato in ƙunshe musu su tafi da shi. Ga wasa ana yi a gabansu, tazarar jifa, ɗan'uwansu na faɗuwa yana tashi, ko wuya ba su juya ba. Wani ma wayarsa ya miƙo mini da hoton naman, kamar ni ban san shi ba.

Na ce ba na bayarwa. Na ce duk mai son nama ya kashe mota ya sauko ya zauna a benci, in an tashi a ci tare. Suka ce an rubuta kyauta. Na ce kyauta ne, amma ba a kan taya ba. Wani ya ce ai istiraha na jiransu, wani ya ce Jidda za su kuma hanya za ta cushe. Hon ya ƙaru har alƙali ya busa usur 'yan wasa ba su ji ba. Fahad ya baro tsakiyar fili da gudu, zufa na zuba, yana roƙona in ba su ko sa tafi, yana roƙonsu su sauko, ba wanda ya saurare shi a cikinmu. Raina ya ɓaci. Na rufe naman da tire na tsaya a gabansa da maficina.

Da layin ya toshe, na baya suka fara neman hanyar juyawa. Babu wajen juyawa sai filin. Wata farar mota babba ta hau gefen ciyawa, ta taka kan famfon ban-ruwa ta fasa shi, ruwa ya yi tsiri sama. Ta bayanta ta biyo, ta bayanta ma haka, ƙasa ta jiƙe, tayoyi suka riƙa kwasar ciyawa suna watsarwa. Na ga Isufu ya ruga da farar rigarsa ya tsaya a gaban wata mota ya ware hannuwa. Yaron da ke ciki bai ma yi fushi ba, kewaye shi kawai ya yi ta ɗaya gefen, yana ɗaga masa hannu wai ma'alesh, a yi haƙuri.

Daktan bai jira an tashi ba. Ya zo ya same mu, ya ce Allah Ya ba da lada, ya ga ƙoƙarin da aka yi. Ya dubi bencin, ya dubi motocin da suka cushe har titi, ya ce a gaskiya bai san matsalar wajen ajiye mota ta kai haka ba sai yau. Bai faɗa da mugunta ba. Abin da ya gani ya faɗa, kuma shi ya fi ciwo. Ya yi sallama ya tafi da ƙafa, don tasa motar ma an tare ta.

Aka ƙarasa wasan a rabin filin da bai jiƙe ba. 'Yan injiniya suka ci. Kafin magariba motocin sun watse, ba su samu ko tsinke ba, sun bar mana ramukan taya da gwangwanayen lemo. Na mayar da naman kan wuta. Ya riga ya wuce lokacinsa, ya ɗan bushe a gefe, abin da ban taɓa bari ya faru ba. Muka yi salla a kan ciyawar, sahu ɗaya da ɗan ƙari. Na cika tire na ɗaga ina neman kyaftin ɗin 'yan injiniya ya zo ya kai wa waɗanda aka ci, kamar yadda aka saba. Aka ce ai ya tafi. Ya ɗauki hoto da kofin ya bar shi a kan benci, abokansa na jiransa a mota.

Na tsaya da tire a hannu ban san inda zan nufa ba. 'Yan shari'a na zaune a ƙasa suna kwance igiyar takalmi, Fahad ya haɗa kai da gwiwa. Sai Isufu ya taso daga wajen famfon da ya ɗaure da tsumma, rigarsa duk taɓo har ƙirji. Ya zo ya zauna a tsakiyar da'irar, a kan layin da ya ja da safe, ya tanƙwashe ƙafa. Mutumin da tunda na san shi bai taɓa rigan kowa kai hannu tire ba.

Ya ce, "Kawo nan, Bakano. Yau ni aka ci."

Na durƙusa na ajiye a gabansa. Yaran nan, Allah Ya yi musu albarka, ba wanda ya motsa sai da ya ɗauki tsinke ya cinye shi tas, a hankali, yana kallon ragar gabas. Sannan ya ce yaji ya yi, amma naman ya sha wuta. Na ce na sani.

Kafin azumi ya zagayo an malale wajen da kwalta, an ja masa fararen layuka, da inji wannan karon. Isufu yana Damagaram. Ni ina nan ina tsirena, ina kai wa 'yan istiraha a roba in sun yi oda, don ciki ba ya jin haushi. Ku ma in kuna so ku koya, ga tsinke can a bokiti, ku fara da wanki kamar yadda na fara. Amma ku sani, a shagon nan akwai doka ɗaya, kuma in kun gaje shi da ita za ku gada. Duk wanda ya tsaya a bakin titi ya yi mini hon, ko ɗan wane ne, ya sauko da ƙafarsa ko ya tafi da yunwarsa.